Me ke sa tsiron da ke zaune lafiya a ƙasarsa ya zama annoba a wata ƙasa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karantar ilimin tsirrai. Na ga ana cewa akwai tsiron da in an kai shi wata ƙasa sai ya cinye daji da gonaki da ruwa, alhali a inda ya fito ba wanda ya damu da shi. Shin ƙarfi ne ya fi tsirran da ya tarar? Kuma in aka tumɓuke shi, wurin zai koma yadda yake a da?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi daidai da ka haɗa tambayoyin nan wuri guda, don amsar ta biyu a cikin ta farko take.

Da farko a rage wa baƙin tsirrai laifi, galibinsu ba sa yin komai. Rahoton da IPBES, ƙungiyar ƙasashen duniya mai nazarin halin da halittu ke ciki, ta fitar a 2023 ya ce halittu sama da nau'i 37,000 ne ɗan'adam ya kai wuraren da ba nasu ba har suka zauna, amma waɗanda aka tabbatar suna ɓarna sun ɗan haura 3,500 ne kawai. A ɓangaren tsirrai, kashi 6 cikin 100 ne. Sai dai 'yan kaɗan ɗin nan ba na wasa ba ne. Rahoton ya ƙiyasta asarar da baƙin halittu masu mamaya suka jawo a shekarar 2019 da fiye da dala biliyan 423, kuma da hannunsu a kashi 60 cikin 100 na halittun da aka san sun ƙare a duniya. To me ya raba shidan nan da sauran?

An fara neman amsar a jikin tsiron kansa, kuma an samu wani abu. A 1996 Marcel Rejmánek da David Richardson sun kwatanta nau'o'in bishiyar fain, mai ganye siriri kamar allura, suka ga masu yaɗuwa su ne masu ƙananan ƙwayar iri, masu fara 'ya'ya tun suna ƙanana, kuma ba sa daɗewa ba su sake zuba iri mai yawa ba. Amma ka lura, da waɗannan halaye tsiron ya taso a gidansu, kuma can bai gagari kowa ba. Abin da ya sauya bayan tafiyar shi ne maƙwabta: wa ke cin sa, wa ke taimakon sa, wa yake iya cuta, da kuma yadda wuta da ruwa ke yi a sabon wurin. Kusan duk aikinmu a wannan fanni bin sawun waɗannan alaƙoƙi ne.

Mu fara da maƙiyan da tsiro ke bari a baya. Akwai wata bishiya ta Arewacin Amurka, Prunus serotina. A dazukan Amurka da wuya ka ga 'ya'yanta sun yi cincirindo a gindin uwa, domin ƙasar da ke wurin cike take da Pythium, wata halitta mai kama da fangas (dangin fumfuna) da ke ruɓar da saiwar ɗan tsiro kafin ya miƙe. Wanda tsuntsu ya kai nesa shi ke tsira. An kai bishiyar Turai a ƙarni na 17, daga baya masu kula da gandun daji suka dasa ta da yawa a Holan da Jamus da Beljiyam. Can kuwa 'ya'yan a gindin uwa suke tashi, kafaɗa da kafaɗa, har su hana tsirran gida ganin rana. Kurt Reinhart da abokan aikinsa sun nuna a 2003 cewa bambancin a cikin ƙasa yake.

Yadda ake gwada wannan ba shi da wuya, kai ma za ka iya. Ka ɗebo ƙasa daga gindin tsiron, ka rairaye, ka raba biyu. Rabi ka sa a tukunyar tururi mai matsi har duk wani mai rai a ciki ya mutu, rabi ka bar shi yadda yake. Ka zuba a tukwane iri ɗaya, ka shuka iri ɗaya, ruwa daidai da daidai, kana sauya wa tukwanen wuri lokaci zuwa lokaci don kada na kusa da haske su ci riba. Bayan 'yan watanni ka zazzage, ka wanke saiwa a hankali har ƙasa ta fita ba tare da ka tsinke ƙananan gashinta ba, ka busar, ka ɗora a sikeli. In tsiron ya fi girma a ƙasar da aka turara, to a cikin ƙasar nan maƙiyansa sun fi masoyansa yawa. Abu ɗaya da ɗalibai kan manta: turarawar kanta tana sakin abincin tsiro daga jikin halittun da suka mutu, shi ya sa mai hankali yake turara ƙasar duka, sa'an nan ya barbaɗa 'yar kaɗan ta mai rai a rabin tukwanen. Ragan Callaway da abokansa sun yi irin wannan gwaji da Centaurea maculosa, tsiron Turai da ya mamaye makiyayar yammacin Amurka, suka wallafa a 2004. Da aka kashe halittun ƙasar Turai girmansa ya ƙaru da kashi 166 cikin 100, da aka kashe na ƙasar Amurka kuwa kashi 24 kacal. Wato a gida akwai masu danne shi sosai, a baƙunta kuwa kusan babu. Shekara guda kafin nan Charles Mitchell da Alison Power sun duba tsirran Turai 473 da suka zauna a Amurka, suka tarar nau'o'in fangas da ke kama su sun ragu da kashi 84 cikin 100, na bairos da kashi 24.

Wannan bayani yana da daɗin faɗa, shi ya sa ake yawan tsayawa a kansa. Ni ina ganin rabin labari ne. Tsirrai da dama sun rabu da maƙiyansu amma ba su mamaye ko'ina ba, kuma hutun ba ya dawwama, ƙwarin sabon wuri kan koyi cin baƙo in ya daɗe. Ga kuma abin da ake mantawa: wanda ya bar maƙiyansa a gida ya bar abokansa ma.

Duk wanda ya taɓa fasa ɓaure ya ga 'yan ƙwari a ciki. Su ne ke yi wa furensa barbara, kuma kusan kowane nau'in ɓaure da nasa ƙwaron. An dasa fiye da nau'i 60 na dangin ɓaure a jihar Florida ta Amurka don ado, suka yi shekaru ba sa ba da iri mai tsirowa. Sai ƙwaron Ficus microcarpa ya iso a wajajen shekarun 1970, daga nan aka fara ganin 'ya'yanta suna fitowa a tsagin bango da kan wasu bishiyoyi. Bishiyar ba ta sauya ba ko kaɗan. Haka labarin fain a kudancin duniya. Saiwarta ba ta iya jan abinci yadda ya kamata sai da wani fangas da ke naɗe ta, shi yana miƙo mata ruwa da ma'adinai, ita tana ba shi sukari. A tsibirin Isla Victoria na Ajantina an dasa baƙin bishiyoyi masu yawa tun wajajen shekarun 1920, amma in ka yi nisa da gonakin da aka dasa su sai ka rasa 'ya'yansu, alhali iska na kai irin. Martín Nuñez ya gano cewa ƙasar da ke nesa ba ta da fangas ɗin. Sa'an nan ya gano mai kai shi: bareyi da aladun daji, su ma baƙi ne da aka kawo, suna cin fangas ɗin a gindin fain su je su yi kashi a cikin dajin gida. Baƙo uku kenan, ba wanda ya san da wani, amma kowa na share wa ɗan'uwansa hanya.

Daniel Simberloff da Betsy Von Holle ne suka jawo hankali a 1999 kan irin wannan taimakekeniya tsakanin baƙi, inda zuwan wannan ke sauƙaƙa zuwan wancan har tsarin wurin ya rushe. Misalin da aka fi ambata a Hawai yake. 'Yan ci-ranin Fotugal sun kai wata bishiya, Morella faya, a ƙarshen ƙarni na 19. Ƙasar da dutse mai aman wuta ya shimfiɗa sabuwa ba ta da isasshen naitirojin, sinadarin taki da tsiro ke buƙata, kuma tsirran wurin sun saba da wannan talauci. Ita kuwa baƙuwar tana da bakteriya a saiwarta mai kamo naitirojin daga iska. Peter Vitousek da Lawrence Walker sun auna, suka ga inda ta yi yawa naitirojin da ke shiga ƙasa ya ninka kusan sau huɗu. Wani ɗan tsuntsu da aka kawo daga Japan shi ke yaɗa irinta. Kai da ka karanci tsirrai za ka ce ai taki alheri ne. Ga tsiron da ya ƙware a zaman talauci ba alheri ba ne, domin takin yana gayyato masu saurin girma da za su rufe shi.

Akwai kuma masu zuwa da guba. Alliaria petiolata, ɗan ƙaramin tsiro daga Turai, yana zuba sinadarai a ƙasa da ke kashe fangas ɗin da 'ya'yan bishiyoyin Arewacin Amurka suka dogara da shi, kamar yadda Kristina Stinson da abokanta suka nuna a 2006. Shi ba ya buƙatar fangas ɗin, don haka ba abin da ya rasa. Amma ka yi taka-tsantsan da duk wani bincike da ya ce tsiro kaza yana kashe maƙwabta da guba. Abu ne mai sauƙi ka jiƙa ganye, ka zuba ruwan a kan iri cikin faranti, ya ƙi tsira, ka ce ka gano guba. Kusan kowane ganye zai yi haka in ruwan ya yi kauri. A cikin ƙasa ta gaske yumɓu na riƙe sinadarin, ƙananan halittu na cinye shi, ruwan sama na wanke shi. An taɓa yin shekaru ana yayata cewa wani sinadari mai suna katekin shi ne makamin Centaurea maculosa, daga baya wasu masu bincike suka kasa samun sa da yawan da aka faɗa a cikin ƙasa.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne tsiron da ke haɗa kai da wuta. Ka san gamba. A dajin Afirka ciyawa ce mai daraja, dabbobi na cin ta, tana zaune cikin sauran ciyayi ba ta fi kowa ba. An kai ta arewacin Ostareliya a shekarun 1930 don kiwon shanu, aka fitar da wani zaɓaɓɓen nau'inta ga makiyaya a 1978. Inda shanu ke danne ta ba laifi. Inda ta tsallake shinge kuwa takan kai mita 4, ta yi duhu, ta fi ciyayin wurin tsawo nesa ba kusa ba. Natalie Rossiter da abokan aikinta sun auna a 2003: busasshen abin da wuta za ta ci ya kai ninki bakwai, zafin wutar kuma ninki takwas. Bishiyoyin wurin sun saba da wuta, amma wuta mai rarrafe a ƙasa wadda ke wucewa ta bar kansu kore. Wutar gamba har saman bishiya take kaiwa. Bishiya ta mutu, rana ta sauko ƙasa, gamba ta toho daga tushenta tun kafin kowa, ta ƙara yawa, wutar baɗi ta fi ta bana. Kowane zagaye yana ƙara mata fili. A 2012 Ostareliya ta sa ta cikin jerin ciyayi mafi haɗari ga ƙasar baki ɗaya. Carla D'Antonio da Vitousek sun bayyana wannan zagaye na ciyawa da wuta tun 1992, kuma shi ne ke faruwa da baƙuwar ciyawar Bromus tectorum a yammacin Amurka, inda wuraren da kan yi shekaru da dama ba su ƙone ba suka koma ƙonewa a kai a kai. Gobarar Lahaina a Hawai cikin Agustan 2023, wadda ta kashe kimanin mutum 100, busassun ciyayin baƙi da suka cika tsofaffin gonakin rake na cikin abin da ya ciyar da ita.

Alaƙar takan kai har jikin mutum ta hanyar da ba wanda ya zata. Prosopis juliflora, bishiya mai ƙaya daga yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, an dasa ta a busassun wurare da yawa don itace da tare hamada. A Baringo ta Kenya an dasa ta a farkon shekarun 1980. Awaki na son 'ya'yanta masu zaƙi, ƙwayar irin kuma takan fito daga cikinsu a shirye take ta tsira, da takinta a jiki. Dabbar da ke cin ta ita ke shuka ta. Zaƙin kuma yana lalata haƙoran awakin, har mutanen yankin suka kai akuya marar haƙora gaban kotu a Nairobi a 2006. A ƙasar Mali kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro yana shan zaƙin furenta a lokacin rani, sa'ad da sauran furanni suka ƙare. A ƙauyukan da aka sare rassa masu fure yawan sauron ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. A'a, sau da yawa wuri ba ya komawa yadda yake, kuma kana iya ganin dalili daga abin da ya gabata.

Abin da za ka fara tantancewa shi ne wanda Andrew MacDougall da Roy Turkington suka tambaya a 2005: baƙon nan direba ne ko fasinja, wato shi ne ya kori tsirran gida ko kuwa ya tarar an riga an kore su? Sun cire baƙin ciyayi daga wani daji a yammacin Kanada suna jiran tsirran gida su dawo, amma da yawa ba su dawo ba, domin abin da ya kore su tun farko shi ne hana wutar da suka saba da ita da kuma tsinkewar hanyar da irinsu ke bi. Ciyayin sun shigo fili ne da aka riga aka buɗe. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ta fito daga yankin Amazon ma tana da wannan hali. An fara ganin ta a Tafkin Victoria a ƙarshen shekarun 1980, ta kai maƙura a 1998, sa'an nan ta ragu ƙwarai bayan an saki ƙwarin Neochetina masu cin ta, ga kuma ruwan sama mai ƙarfi na wancan lokaci. Daga baya ta riƙa dawowa, domin ruwan ƙazanta da takin gonaki ba su daina kwarara cikin tafkin ba, kuma irinta kan yi shekaru a cikin laka yana jira. Muddin ruwa na cike da taki, kwashe kainuwa aikin baban giwa ne.

Ko da baƙon direba ne, yakan bar gado. Akeshiyoyin Ostareliya, dangin bagaruwa, da suka mamaye yankin Kef na Afirka ta Kudu suna tara dubban iri a kowace murabba'in mita, iri mai taurin ɓawo da kan yi gomman shekaru da rai, kuma wuta ce ke farfaɗo da shi. Ka sare, ka ƙone, ka dawo bayan ruwan farko ka tarar da ƙasa ta yi kore shar da 'ya'yansu. Naitirojin da suka tara kuma yana nan bayan sun tafi, sai baƙin ciyayi su gaje wurin. Shirin da Afirka ta Kudu ta fara a 1995 na sare baƙin bishiyoyi don ceton ruwa ya koyi cewa sara na farko shi ne mafi sauƙi, komawa a kai a kai shi ne aikin. Wani lokaci kuma baƙon ya riga ya zama gidan wani: a kudu maso yammacin Amurka wani tsuntsu da ke gab da ƙarewa yana sheƙa a kan baƙuwar bishiyar Tamarix, don haka kashe ta ba tare da dasa madadinta ba cutar da shi ne.

Kawo maƙiyin tsiro daga ƙasarsa, in ya yi aiki, babu kamarsa, don dawo da alaƙar da ta tsinke ne. Kaktus ɗin Opuntia ya rufe kusan hekta miliyan 24 a Ostareliya, aka saki tsutsar Cactoblastis daga Ajantina a 1926, kafin shekara goma mafi yawansa ya ruɓe. Amma wannan tsutsa da aka kai tsibirin Nevis na yankin Karibiyan a 1957 ta tsallaka zuwa Florida a 1989, yanzu tana cin kaktus ɗin gida, kuma Meziko na fargabar ta. Shi ya sa a yau ake shafe shekaru ana gwada ƙwaro a keɓe, ana ba shi dangin tsiron ɗaya bayan ɗaya a ga wanda zai ci, kafin a sake shi. Wanda aka saki ba ya komowa.

Kada kuma shirun tsiro ya ruɗe ka. Ingo Kowarik ya bi tarihin baƙin bishiyoyi da ƙananan itatuwa a yankin Brandenburg na Jamus, ya ga a matsakaici shekara 147 ke wucewa tsakanin dasa su da fara yaɗuwarsu da kansu. Wasu jiran ƙwaronsu suke yi, wasu jiran fangas, wasu jiran yanayi ya ɗumama ko a buɗe hanya.

In aiki ya kai ka ga wurin da aka mamaye, kada ka fara da tsakiyar duhun inda ya fi ɗaukar ido. 'Yan ƙananan gungun da ke gefe, can nesa, su ne ke faɗaɗa mamayar, kuma su ne ake iya gamawa da su da hannu. Ka zauna ka ga mai ɗaukar irin, dabba ce, tsuntsu ne, ruwa ne ko tayar mota. Ka tambayi waɗanda suka daɗe a wurin abin da ya sauya kafin baƙon ya yi yawa. Sa'an nan, kafin a sa gatari, ka ɗebo ƙasar saman wurin daga kusurwoyi daban-daban, ka shimfiɗa a faifai masu faɗi, ka riƙa ba ta ruwa, kana ƙirga abin da ya tsiro kana cirewa. In tsirran gida suka fito da yawa, sara da bibiya za su iya wadatarwa. In baƙon ne kaɗai ke fitowa, ko wani baƙon dabam, to sai an tanadi irin tsirran gida da dashensu a hannu tun kafin a fara sarar.